Haƙar mai ta hanyar fasa dutse: Kafin a yi murna, a tambayi ruwa

Daga Gadarif, Sudan

A shirinmu na rediyo da muke gabatarwa da Hausa, mun saba jin kukan masu sauraro a kan abu biyu, wato tsadar man dizal da ƙarancin ruwan sha. Kwanakin baya sai muka haɗa su a tambaya guda: da za a ce akwai mai a ƙarƙashin gonakin Gadarif, amma ba zai fito ba sai an ɗura wa ƙasa ruwa mai yawa, za ku yarda? Har lokacin shirin ya ƙare waya ba ta huta ba, kuma ra'ayin jama'a ya rabu gida biyu.

Gadarif dai ƙasar dawa ce da riɗi, tun daga shekarun 1940 da aka fara noma da tarakta a wannan yanki. Ba da rijiyar mai aka san mu ba. To amma wannan muhawara ta daɗe tana yawo a duniya, har ta iso Afirka, kuma ta riga ta taɓa aljihun ɗan kasuwa ko bai sani ba.

Yadda ake yin aikin

Turawa na kiran dabarar da suna firakin. Akwai wani irin dutse a can ƙarƙashin ƙasa da ke riƙe da mai ko iskar gas a cikin 'yan ƙananan ƙofofinsa, ba ya sakinsu ko an haƙa rijiya. Sai a nutsa kamar kilomita 2 ko 3, a karkata bututun ya kwanta cikin dutsen, sannan a tura ruwa gauraye da yashi da sinadarai da ƙarfin gaske har dutsen ya tsattsage. Yashin shi ke tokare tsagar don kada ta rufe, man ya samu hanyar fitowa.

Rijiya ɗaya tak kan sha ruwa lita miliyan 10 zuwa 20, wata ma fiye. Idan muka ɗauki lita miliyan 15, ganga dubu 75 ke nan irin mai cin lita 200. Duk wanda ya taɓa tsayawa jiran mai amalanken jaki ya kawo masa ganga ɗaya a tsakiyar bazara ya san nauyin wannan lissafi. Bugu da ƙari, wani kaso na ruwan yakan dawo sama da gishiri da dauɗa, dole a nemi inda za a kai shi.

Yadda ta taɓa kasuwa

Da wannan dabara Amurka ta zama kan gaba a duniya wajen haƙo ɗanyen mai a 2018. Yawan man da ta zubo, tare da ƙin rage haƙowa da ƙungiyar OPEC ta yi a ƙarshen 2014, su ne kan gaba cikin dalilan da suka karya farashi: gangar da ta haura dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗo ƙasa da dala 30 a farkon 2016. Abokan cinikinmu na Kano da Maiduguri ba za su manta ba, domin naira da ake canzawa kusan 160 a dala ɗaya a 2014 ta haura 300 a 2016 a farashin gwamnati.

Mu ma a Sudan mun ga zaƙin mai da ɗacinsa. A 1999 aka fara fitar da shi ta bututu mai tsawon kusan kilomita 1,600 daga Hijlij zuwa gaɓar Bahar Maliya. A Yulin 2011 Sudan ta Kudu ta ɓalle da kusan kashi uku cikin huɗu na man, kuma a Satumbar 2013 janye tallafi ya fito da jama'a kan tituna. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ƙara dagula lamarin, har matatar Jaili ta yi mummunar gobara. Ranar da ƙura ta lafa, kowace gwamnati za ta shiga neman kuɗin shiga ido rufe, kamfanoni kuma za su zo da alkawura. Wannan ne dalilin da ya sa muka ga gara a yi tunanin tun yanzu.

Abin da mutanen waje suka ce

Ko a Amurkar kanta bakin jama'a bai zo ɗaya ba. Kamfanin jin ra'ayi na Gallup ya samu kashi 40 na goyon baya, kashi 40 na adawa a 2015. Bayan shekara ɗaya masu adawa suka kai kashi 51, masu goyon baya suka koma 36. Jihar Niyok ta sanar da haramcin aikin a ƙarshen 2014, alhali jihar Tekzas ta rungume shi saboda ayyukan yi da kuɗin da masu filaye ke samu. A jihar Oklahoma kuwa, mayar da gurɓataccen ruwan rijiyoyin mai cikin ƙasa ya jawo yawaitar girgizar ƙasa.

Faransa ta haramta dabarar da doka a 2011. Ingila ta dakatar da ita a Nuwamban 2019 bayan wata girgizar ƙasa a kusa da wurin haƙar a yankin Lankasha. A Afirka ta Kudu, manoma da makiyayan tumaki na yankin Karoo mai ƙarancin ruwa sun tashi tsaye lokacin da kamfanin Shell ya nemi izini, har gwamnati ta dakatar da batun a 2011, kafin ta janye dakatarwar a 2012, aka koma fafatawa a kotu.

Darasin In Salah

Labarin da ya fi kama da namu shi ne na In Salah, wani gari a tsakiyar Saharar Aljeriya. Fataken da ke bin hanyar Agadas zuwa Tamanrasat saro dabino da kayan masarufi sun san sunan, domin tun 2011 daga can ake turo wa Tamanrasat ruwan sha ta bututu mai tsawon fiye da kilomita 700. Wani rahoton hukumar makamashin Amurka na 2013 ya sanya Aljeriya ta uku a duniya a arzikin irin wannan iskar gas, bayan Sin da Ajantina.

A ƙarshen Disamban 2014 hukumomi suka yi bikin gwajin rijiyar farko a yankin Ahnet, kusa da garin. Da shigowar Janairun 2015 mutanen In Salah, maza da mata, suka rufe shaguna, suka tare a dandalin garin na tsawon watanni. Ba su ce suna ƙin arzikin ƙasarsu ba, don sun daɗe da zama kusa da rijiyoyin gas. Kokensu shi ne, dabinonsu da rayuwarsu sun dogara da ruwan ƙarƙashin ƙasa da ba ya sabuntuwa, kuma ba wanda ya zauna da su kafin a fara. An yi arangama da jami'an tsaro, daga baya aikin ya tsaya a daidai lokacin da farashin mai ya karye. Shugaba Abdulmajid Tabbun ya sake tado maganar a 2020.

Ra'ayin mutanenmu

Cikin waɗanda suka kira mu, wani direban babbar mota da ke jigila tsakanin Gadarif da Gallabat ya ce shi dai a haƙo, domin rabin ribarsa a gidan mai take ƙarewa, kuma tsadar dizal ita ke hawa kan kowane buhun dawa kafin ya isa Matamma ta Habasha. Wani matashi ya goyi bayansa, yana cewa aikin yi ya fi masa zaman jiran damina.

Sai wani dattijo dillalin riɗi, wanda duk muke kira Baba, ya tuna musu cewa man Hijlij ya yi shekaru yana kwarara zuwa teku, amma Gadarif ba ta daina sayen ruwa a ganga ba. Ya ce ruwan da ake jawowa daga Shuwak bai taɓa wadatar da garin ba, kuma ko bayan buɗe madatsun Atbara da Setit a 2017 an shafe shekaru ana jiran aikin jawo ruwan ya kammala. Wata uwa da ke sayar da abinci a kasuwa ta ƙara da cewa tun da 'yan gudun hijirar yaƙi suka cika garin, layin ruwa ya fi layin mai tsawo.

Mun lura da abu ɗaya: har masu goyon bayan, da aka tambaye su ko za su yarda a ɗebi ruwan daga hafirin ƙauyensu, sai murya ta sauya. Ashe kowa na son mai, matuƙar dai ruwan wani za a kashe.

Tambayoyin da ya kamata a riƙe

Sudan ba baƙuwar irin wannan ba ce. A 2019 mutanen Talodi a Kurdufan ta Kudu sun yi bore kan sinadaran da ake wanke zinariya da su, har gwamnatin riƙon ƙwarya ta ba da umarnin daina amfani da su. A Najeriya ma, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya nuna gyaran ɓarnar mai zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Rigakafi ya fi magani.

Saboda haka 'yan'uwa 'yan kasuwa, duk ranar da aka zo da maganar haƙar mai ko wani ma'adini, a nan ko a garuruwanku, kada sarkin kasuwa da shugabannin ƙungiyoyi su tsaya a tambayar nawa za a ba mu. A tambaya daga ina za a ɗebi ruwan, ina za a zubar da wanda ya gurɓace, wa zai auna rijiyoyin jama'a kafin a fara da bayan an fara, kuma wa zai biya manomi da makiyayi idan an yi ɓarna. A nemi amsar a rubuce, a karanta ta a gaban jama'a da harshen da suke ji.

Idan dizal ya yi tsada, riɗi zai yi jinkirin isa kasuwa. Idan ruwa ya lalace kuwa, babu riɗin, babu kasuwar. Allah Ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka, amin.