Zinariya da Dalma a Hanyar Gusau

'Yan'uwa manoman Gazara, hanyar da ta tashi daga Zariya ta ratsa Funtuwa da Tsafe zuwa Gusau ta daɗe tana kwasar masu neman zinariya. Tun wajen 1930, zamanin Turawa, aka yi rububin haƙarta a ƙasar Birnin Gwari da Zamfara, kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya durƙusar da aikin.

Da zinariya ta sake tsada, sai manoman Dareta, Abare da Bagega, a ƙasar Anka, suka koma ramuka. Suka riƙa kawo dutsen gida, ana dakawa, ana niƙawa a injin hatsi. Ashe akwai dalma a cikinsa. Ƙurar ta kwanta a tsakar gida inda yara suke rarrafe. A 2010 likitoci suka gano gubar. Yara kimanin 400 suka rasu. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, Bagega kuwa ta jira har 2013.

Saboda haka ku tsai da shawara a taron ƙungiya: kada dutsen rami ya shiga gida ko injinmu. Wanda ya dawo daga haƙa ya yi wanka, ya sake tufafi, kafin ya ɗauki yaro.