Ilmin Tsara Littattafai Da Bayanai Ta Hanyar Karatun Nesa

Kowa ya bi ta Gyadi-Gyadi ya nufi Tarauni da hantsi zai ga matasa birjik, waɗansu a rumfunan kasuwar waya ta Farm Centre suna ciniki, waɗansu a zaurukan malamai riƙe da littattafai. Da yawa daga cikinsu sun sauke Alkur'ani, suna karanta Larabci da Ajami ba gargada, amma neman abinci ya hana su zaman jami'a. To, akwai wani fanni na ilmi da yake bukatar irin waɗannan mutane, ga shi kuwa ana iya samunsa ba tare da an rufe rumfa ko an tashi daga gaban malam ba. Shi ne ilmin tsara littattafai da sarrafa bayanai, wanda ake koyo daga nesa ta intanet.

Ma'anar wannan ilmi ita ce sanin yadda ake tattara abin da aka rubuta, a rarrabe shi fanni-fanni, a yi masa fihirisa, a kiyaye shi daga lalacewa, har mai nema ya same shi cikin ƙanƙanen lokaci. Ɗalibi yakan koyi yadda ake bayyana littafi: sunansa, da mawallafinsa, da wanda ya kwafe shi, da shekara, da yawan warƙoƙinsa. Yakan kuma koyi ɗaukar hoton takarda a adana cikin kwamfuta, da tsara rumbun bayanai. Aikin bai tsaya ga ɗakin karatu kaɗai ba. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan hanyar Zariya ba zai tafi daidai ba sai da masu kula da katunan majinyata, haka nan kotu da banki. Attajirin da littafin bashinsa ya hargitse kuwa ya san dukiya takan salwanta tun ɓarawo bai shigo ba.

Dalilin da ya sa maganar ta shafi malamai shi ne halin da littattafan magabata suke ciki. A gidaje da yawa na Kano akwai gafakoki cike da rubutun hannu, na fiƙihu da nahawu da tarihi da waƙoƙin wa'azi, gara da ɗigar damina suna cinsu, magada ba su san abin da ke ciki ba. Labarin Alhaji Umaru Falke ya isa misali. Malami ne Bakano, kuma ɗan kasuwa, ya rasu a 1962. Bayan rasuwarsa aka kai littattafansa, fiye da 3,000, Jami'ar Northwestern ta Amurka, aka yi musu fihirisa, har mai bincike yana iya duba sunayensu ta intanet daga ko'ina. Sun tsira, amma sun yi nisa da garin mai su. A gida kuwa akwai irin wannan taska a Arewa House ta Kaduna, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da ɗakin tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato. Matsalar ita ce, galibi wanda ya iya karanta rubutun tawada ba shi da takardar shaidar aikin, wanda yake da takardar kuwa rubutun ya gagare shi. Ranar da mutum ɗaya ya haɗa biyun, ranar aka warware ƙullin.

Karatun nesa ba baƙon abu ba ne. Jami'ar Landan ta fara ba da digiri ga ɗaliban waje tun 1858, kuma a zamanin Turawa akawuna da malaman makaranta sun sha karɓar darussa ta gidan waya daga Ingila. Abin da ya sake yau shi ne, wasiƙar da takan yi makonni a hanya ta zama saƙon da yake isowa cikin ƙiftawar ido. A Nijeriya gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa jami'ar karatu daga gida, watau NOUN, a 1983. Mulkin soja ya dakatar da ita a 1984, sai a zamanin Shugaba Obasanjo aka farfaɗo da ita. Daga 2016 zuwa 2021 wani Bakano ne ya shugabance ta, Farfesa Abdalla Uba Adamu, wanda aka sani da kiran a ɗaukaka Ajami. Tana koyar da wannan fanni, tana kuma da cibiya a Sauna, wajen Dakata. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuwa tun 1968 ta buɗe sashen ilmin ɗakin karatu, Jami'ar Bayero ma tana da nata, ga mai halin zaman aji.

Tsarin karatun kuwa ga yadda yake. Ɗalibi yana yin rajista ta intanet, ya sauko da littattafan darasi a wayarsa ko kwamfutarsa, ya karanta bayan sallar asuba ko bayan an tashi kasuwa. A tsakiyar zango yana amsa tambayoyin gwaji ta intanet, waɗanda suke ɗauke da maki 30 cikin 100. Sauran 70 kuwa sai ya je cibiya da ƙafarsa ya zauna jarrabawa. Mai farawa daga tushe ba ya gamawa ƙasa da shekara 4.

Amma fa kowa ya ci zomo ya ci gudu. Da Turanci ake koyarwa, kuma sai da takardar gama sakandare mai darussa 5 da aka ci sosai, har da Turanci da lissafi. Gardin da ba shi da ita, lalle ya fara da ita tukuna. Akwai kuɗin rajista da na jarrabawa da na data, ga ɗaukewar wutar lantarki. Mafi wuya duka shi ne rashin malamin da zai tsare mutum a gabansa, domin wanda ba ya iya tsare kansa, shekara za ta zagayo bai buɗe littafi ba. Sai kuma a yi hattara da makarantun bogi masu tallar digiri cikin 'yan watanni. Kafin a biya ko kwabo, a tabbata Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta amince da makarantar da kuma fannin, don Hukumar Rajistar Ma'aikatan Ɗakunan Karatu, wadda dokar 1995 ta kafa, takardar gaskiya take dubawa.

Saboda haka ya kamata kowane malami mai gafakoki ya zaɓi almajiri ɗaya mai hazaƙa ya sa shi a wannan hanya, attajirai kuma su ɗauki nauyin karatunsa, yadda kakanninsu suka riƙa biyan ladan masu kwafar littattafai. Allah ya sa a dace, amin.