Suna da Lamba a Intanet: Yadda Ake Tambayar Kwamfuta da Umarnin nslookup

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa zama a shagon intanet lokacin rajista ya san amsar nan ta "babu netwok". Ita ce amsar kowace matsala, ko shafi ya ƙi buɗewa, ko hoto ya ƙi hawa. Na taɓa shafe kusan awa biyu a wani shago a unguwar Turaki da ke Jalingo ina jiran wani shafi ya buɗe, kuɗin lokaci na tafiya, ranar rufe rajista kuma ta matso. Daga ƙarshe wani saurayi da ke zaune kusa da ni ya karɓi allon rubutun, ya buɗe wata baƙar taga, ya rubuta layi biyu, sai ya ce wa mai shagon: "Malam, layinka lafiya lau, mai fassara maka sunaye ne ya yi shiru." Cikin minti biyar aka gyara.

Abin da ya rubuta shi ne umarnin da ake kira nslookup. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana wa mai karatu cewa sunan shafi daban, lambar kwamfutar da ke ɗauke da shi daban, kuma akwai hanya mai sauƙi ta tambayar alaƙar da ke tsakaninsu. Mu da muke nazarin harshe bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba, domin batu ne na suna da abin da sunan yake nufi.

Suna da lamba

Kowace na'ura da ke kan intanet tana da lamba, wadda ake kira adireshin IP. A tsohon tsari, wanda har yanzu ake amfani da shi sosai, lambar kashi huɗu ce da ɗigo a tsakani, kowane kashi daga 0 zuwa 255, misali 8.8.8.8. Wannan tsari yana bayar da lambobi kusan biliyan 4.3 ne kawai, kuma a watan Fabrairu na 2011 babbar ma'ajiyar duniya ta raba na ƙarshen da ke hannunta ga hukumomin nahiyoyi. Shi ya sa aka kawo sabon tsari na IPv6, mai dogayen lambobi gauraye da haruffa.

Kwamfuta da lamba take aiki, mutum kuwa suna ya fi riƙewa. Haka muke yi da wayar hannu: muna danna "Baba" ko "Inna", wayar ta kira lambar da ke ƙarƙashin sunan. A farkon zamanin sadarwar kwamfuta a Amurka, duk sunayen suna cikin fayil guda ne mai suna HOSTS.TXT, wanda ofishin Elizabeth Feinler ke kula da shi a cibiyar bincike ta SRI da ke Kalifoniya. Kowa sai ya kwafi fayil ɗin ya ajiye a kwamfutarsa. Da na'urori suka yawaita sai abin ya gagara. A shekarar 1983 Paul Mockapetris ya tsara wata hanya ta raba nauyin riƙe sunaye tsakanin na'urori da yawa. Ita ce ake kira DNS, wato tsarin sunayen intanet, kuma da ita ake aiki har yau.

Yadda tambaya take tafiya

Tsarin ya yi kama da sarautar gargajiya. Baƙon da ya zo Jalingo neman wani mutum, in ya je fadar Sarkin Muri ba lallai ne a san gidan mutumin ba, amma za a san hakimin da za a tura shi wajensa. Hakimi ya tura shi ga mai unguwa, mai unguwa ya nuna masa ƙofar gida. Babu wanda ya san kowa, amma kowa ya san na ƙasa da shi.

Haka sunan intanet yake, kuma daga dama ake karanta shi zuwa hagu, kamar rubutun ajami. Mu ɗauki jamb.gov.ng. Kashi na ƙarshe, ng, shi ne Nijeriya. Sai gov, wato ɓangaren gwamnati. Sai jamb, hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu. A can sama da duka akwai na'urorin tushe, masu sunaye 13 daga harafin A zuwa M, waɗanda ƙungiyoyi 12 ke gudanarwa, suna kuma da kwafi fiye da dubu a sassan duniya, har da Legas.

Idan ka rubuta suna, kwamfutarka tana miƙa tambayar ga wata na'ura ta kamfanin da ya ba ka layi. Wannan ita ce mai fassara, ko ɗan aike. Ita za ta tambayi tushe, tushe ya nuna mata masu riƙe da ng, su kuma su nuna mata na'urar da ke riƙe da sunan hukumar, a nan ta samo lambar ta kawo maka. Duk wannan ba ya cika ɗaukar daƙiƙa guda. Ɗan aiken yana ajiye amsar na ɗan lokaci don kada ya riƙa maimaita tafiyar. Shi ya sa idan aka sauya wa shafi gida, wani zai ga sabon, wani kuma ya ci gaba da ganin tsohon har wa'adin ajiyar ya ƙare.

Sunan ng ya samu ne a 1995, kuma ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ce ke kula da shi. Maƙwabtanmu na Nijar suna da ne, Kamaru kuwa, wadda ta yi iyaka da Jihar Taraba, tana da cm.

Yadda ake amfani da nslookup

A kwamfuta mai Windows, danna maɓallin da ke da tambarin Windows tare da harafin R, ka rubuta cmd, ka danna Enter. Baƙar taga za ta buɗe. A Linux da Mac ana kiran tagar Terminal, kuma a can akwai wasu umarnai biyu masu aiki iri ɗaya, dig da host. Sai ka rubuta:

nslookup ha.wikipedia.org

Layuka biyu na farko a amsar suna nuna ɗan aiken da aka tambaya. Na ƙasa su ne amsar: sunan da lambarsa. Za ka ga an rubuta "Non-authoritative answer". Kada wannan ya tsorata ka, ma'anarsa amsar ta fito daga bakin ɗan aike ne, ba daga mai sunan kai tsaye ba. Za ka kuma lura cewa an kawo wani suna daban na gidauniyar Wikimedia. Dalili shi ne ha.wikipedia.org laƙabi ne, kamar yadda ake kiran Abubakar da Garba ko Habu, mutum ɗaya ne. Harufan ha kuwa alamar harshen Hausa ce a tsarin duniya na taƙaita sunayen harsuna.

Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne haɗawa da abin da ba suna ba. A bbc.com/hausa, sunan shi ne bbc.com kawai. Abin da ya biyo bayan karkatacciyar sanda ɗaki ne a cikin gidan, DNS ba ruwansa da shi. Haka ma https:// da ke farko, ba a rubuta shi.

Ana iya juya tambayar, a ba da lamba a nemi suna. Rubuta nslookup 8.8.8.8, amsar za ta ce dns.google. Wannan ɗan aike ne da kamfanin Google ya buɗe wa kowa a 2009. Kamfanin Cloudflare ma ya buɗe nasa, 1.1.1.1, a 2018. Ba kowace lamba ce ke da suna a wannan juyin ba, sai wadda mai ita ya rubuta mata.

Ana kuma iya tambayar inda wasiƙun imel ke sauka, da nslookup -type=mx gmail.com. Za a jero sunayen na'urori da lamba a gefen kowanne, mai ƙaramar lamba shi ake fara gwadawa.

Gane inda matsala take

Yanzu mu koma shagon nan na Turaki. Layin farko da saurayin ya rubuta shi ne nslookup da sunan shafin, amsar ta ce "DNS request timed out", wato ɗan aiken shagon bai amsa ba. A layi na biyu ya maimaita, amma ya ƙara 8.8.8.8 a ƙarshe, wato a tambayi ɗan aiken Google maimakon na shagon. Nan take lamba ta fito. Da haka ya gane layin na aiki, shafin ma yana nan, ɗan aiken ne kawai ake buƙatar sauyawa.

Amsoshin da za ka gamu da su uku ne. In lamba ta fito amma shafi bai buɗe ba, matsalar ba ta suna ba ce, ko dai kwamfutar da ke ɗauke da shafin ta cika da jama'a, ko hanyar zuwa gare ta ta yanke. In aka ce "Non-existent domain", babu wannan sunan, sai ka duba ko ka yi kuskuren harafi. In kuma aka yi shiru daga ɗan aikenka da na Google duka, to a nan ne maganar "babu netwok" take gaskiya.

Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke na kusan awa shida, saboda wani kuskuren saiti da ya yanke hanyar zuwa na'urorin da ke riƙe da sunayensu. Mutane da yawa sun zargi wayoyinsu, alhali sunan ne ya rasa mai amsa shi.

Harafi ɗaya ba wasa ba ne

Ni da ban tashi da Hausa a gida ba, na sha gyara a aji kan bambancin ƙasa da kasa, da ɗaki da daki. Asalin dokar sunayen intanet ba ta san haruffa masu ƙugiya ba. Haruffan a zuwa z kawai ta yarda da su, da lambobi 0 zuwa 9, da karan ɗori, kuma kowane kashi na suna ba zai wuce alamomi 63 ba. Sai a 2003 aka fito da hanyar shigar da haruffan wasu harsuna, inda ake juya su zuwa wani rubutu mai farawa da xn--. A 2010 Masar da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka sami sunayen ƙasashensu da rubutun Larabci.

'Yan damfara suna cin moriyar rashin lura da harafi. Wanda ya bar o a com zai faɗa cm na Kamaru, shafin wani daban. Haruffan r da n in aka jera su suna kama da m. Wani kuma zai ƙirƙiri suna irin jamb.gov.ng.wanisuna.com ya tura wa ɗalibai a WhatsApp. Wanda ya karanta daga hagu zai ga jamb ya saki jiki, wanda ya karanta daga dama zai ga gidan na wanisuna.com ne. Ba kowa ake yi wa rajistar gov.ng ba, hukumar NITDA ce ke tantance masu neman sa, amma com kowa na iya saya.

A nan dole a yi hattara. Umarnin nslookup yana gaya maka ko suna yana nan da kuma inda yake nuni ne kawai. Ba ya tabbatar da cewa mai shafin mutumin kirki ne, domin shafin ɗan damfara ma yana da lamba.

Kammalawa

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Shawarata ga 'yan'uwa ɗalibai ita ce, a shiga ɗakin kwamfuta a gwada waɗannan umarnai da sunan shafin makaranta tun kafin lokacin rajista, a saba da yadda amsar lafiya take. Kuma kafin a saka lambar katin banki a kowane shafi, a tsaya a karanta sunansa daga dama zuwa hagu, harafi bayan harafi, kamar yadda malamanmu na ƙa'idojin rubutu suka koya mana. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.