CIWON ZAIZAYAR ƘASHI: YADDA YAKE KAMA TSOFAFFI DA YADDA AKE ZAMA DA SHI

Idan tsohuwa ta zame a wurin alwala ko a bakin rijiya, ta yi 'yar faɗuwar da ko yaro ba zai yi kuka a kanta ba, amma da aka zo ɗaga ta aka tarar ƙashin ƙugunta ya karye, abin da jama'a kan ce shi ne tsautsayi. Haka kuma idan aka ga bayanta yana ta lanƙwasa shekara da shekara har ta yi doro, sai a ce tsufa ne, ba shi da magani. To, gaskiya ne tsufa ba shi da magani, amma abin da ya karya ƙugun nan, ya kuma tanƙwara bayan nan, sau da yawa ciwo ne mai suna, wanda ake iya ganewa, ake kuma iya yi masa magani. Likitoci suna kiransa ostiyoforosis, watau ƙashi mai huji-huji. Da Hausa ana iya ce masa zaizayar ƙashi.

Wajibi ne tun farko a raba shi da abin da mutane ke kira sanyin ƙashi ko amosanin gaɓɓai. Shi amosani a gaɓa yake zama, gwiwa ta kumbura, ta riƙa ciwo in za a tashi ko in gari ya yi sanyi. Ita kuwa zaizayar ƙashi ba ta zogi, ba ta kumburi, ba ta sa zazzaɓi. Tana cin ƙashi daga ciki kamar yadda gara ke cin gungume ta bar bayansa sumul, har ranar da aka jingina da shi ya burme. Mutum yakan yi shekara 10 ko 20 da ita bai sani ba, kuma galibi karaya ce sallamarta ta farko.

YADDA ABIN YAKE FARUWA

Mutane da yawa sun ɗauka ƙashi busasshen abu ne kamar dutse. Ba haka ba ne. Ƙashi yana da rai, jini yana ratsa shi, kuma a cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyin halitta iri biyu da ke aiki dare da rana: waɗansu suna kankare tsohon ƙashi, waɗansu suna bin baya suna yaɓa sabo, tamkar yadda ake yi wa katangar ƙasa kafin damina. Da wannan aiki ne jiki ke sabunta kusan dukan ƙasusuwansa a cikin kimanin shekara 10. Kayan ginin kuwa shi ne sinadarin kalsiyam, wanda kashi 99 cikin ɗari na abin da ke jikin mutum a ƙashi da haƙora yake.

A lokacin ƙuruciya magina sun fi masu kankara yawan aiki, saboda haka ƙashi yana ta ƙara kauri har zuwa wajen shekara 30. Daga nan sai abin ya tsaya, bayan wani lokaci kuma ya fara raguwa sannu a hankali. Wanda ya cika rumbunsa da ƙuruciya zai daɗe yana ɗiba, wanda kuwa ya shiga tsufa da rabin rumbu, da wuri zai ga ƙasansa.

Mata sun fi shan wahalar wannan ciwo. A cikin shekarar 1941 wani likitan Amurka mai suna Fuller Albright ya bayyana cewa yawancin masu irin wannan karaya mata ne da jinin al'adarsu ya ɗauke. Dalili shi ne, akwai wani sinadari a jikin mace, istirojin, wanda ke taka wa masu kankarar ƙashi burki. Da zarar al'ada ta ɗauke, galibi tsakanin shekara 45 da 55, sai sinadarin ya ragu ƙwarai, mace ta riƙa asarar wajen kashi 2 cikin ɗari na ƙashinta kowace shekara, har tsawon waɗansu shekaru. Amma fa maza ba su tsira ba. Ƙiyasin da ƙungiyar duniya mai yaƙi da wannan ciwo ke bayarwa shi ne, cikin waɗanda suka haura shekara 50, mace ɗaya cikin 3 da namiji ɗaya cikin 5 za su sami karaya saboda shi.

An daɗe ana cewa wannan ciwon Turawa ne, kuma maganar tana da tushe. Wani bincike da aka buga a 1991, wanda ya kwatanta Ibadan da waɗansu garuruwan Ingila, ya nuna karayar ƙugu ta fi yawa nesa ba kusa ba a can. Sai dai ƙarancin abu ba rashinsa ba ne. A Afirka ta Kudu an auna mata baƙaƙe da farare, aka tarar karayar ƙashin baya ba ta bar baƙaƙen ba ko kaɗan. Bugu da ƙari, yawan tsofaffi yana ƙaruwa, zaman birni kuma ya rage tafiyar ƙasa da aikin ƙarfi.

ƘWAYOYIN DA KE CIN ƘASHI

Akwai wata hanya da mutane ke jawo wa kansu wannan ciwo da kuɗinsu, kuma ita ce ta fi dacewa a ja kunne a kanta. Magunguna irin su firedinisolon da deksametason suna da amfani mai yawa a hannun likita, ana ba da su ga masu asma da waɗansu cututtuka masu tsanani. Amma shan su wata 3 ko fiye yana hana magina aikinsu, ƙashi ya yi ta zaizayewa da sauri, tun ma ba ƙashin baya ba. Abin baƙin ciki, waɗannan ƙwayoyi ne 'yan mata da matan aure ke saya a kemis ko a hannun 'yan talla don su yi ƙiba, tsofaffi kuma su sha don ciwon gwiwa, tun da yake suna kwantar da zogi nan da nan. Kumatu su cika, a ce mace ta yi kyau, alhali kuwa ginshiƙin jikinta ne ake sassaƙewa. Wadda ta riga ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, domin yin haka yana da nasa hatsarin. Likita ne zai rage mata kaɗan-kaɗan.

Shan taba da yawan shan giya su ma suna raunana ƙashi. Haka nan rama mai yawa, da doguwar jinya a kwance, da ciwon sikila, da waɗansu magungunan farfaɗiya. Wanda uwarsa ko ubansa ya taɓa karyewa a ƙugu, shi ma ya kamata ya yi hattara. Game da shayarwa kuwa, gaskiya ne ƙashin mai jego yakan ragu kaɗan, amma yana komawa bayan yaye, don haka ba dalili ba ne na hana jariri nono.

YADDA AKE GANE SHI

Wurare 3 ne ciwon ya fi karyawa: wuyan hannu, da ƙashin baya, da kan cinya inda ya haɗu da ƙugu. Ta ƙashin baya ita ce mai ɓoyewa, domin gaɓar ƙashin ba ta ɓallewa biyu, sai dai ta lotse, kuma wajen kashi biyu cikin uku na irin wannan karaya ba su zuwa gaban likita. In gaɓa 2 ko 3 suka lotse sai tsawon mutum ya ragu. Dattijuwar da ta ga zanen da ta saba ɗaurawa yana jan ƙasa, ko aka auna aka ga ta ragu da inci ɗaya da rabi, ya kamata a ɗauki hoton bayanta.

Ma'auni mafi inganci shi ne wata na'ura da ake kira Deksa, wadda aka fara amfani da ita a 1987. Mutum zai kwanta na 'yan mintoci, ba allura ba ciwo, ta auna kaurin ƙashin ƙugu da na baya. A 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da iyaka: wanda awonsa ya faɗi ƙasa da na lafiyayyen matashi da maki 2.5 ko fiye, yana da ciwon. Na'urar ba ta wadata a ƙasar nan ba, sai a waɗansu manyan asibitoci, amma rashinta bai ɗaure hannun likita ba. Duk wanda ya haura shekara 50 ya karye a ƙugu ko a baya daga faɗuwar tsaye kawai, ana iya ɗaukarsa mai ciwon ne a fara masa magani.

MAGANI

Maganin da aka fi farawa da shi shi ne alendironet, wanda aka amince da shi a Amurka a 1995. Ƙwaya ɗaya ce mai miligiram 70, sau ɗaya a mako, aikinta kuwa rage wa masu kankara ƙarfi. Ga masu ciwon, tana rage karayar baya da ta ƙugu da wajen rabi. Sai dai tana da ƙa'ida mai tsauri. Da sassafe ake shanta kafin a ci komai, da cikakken kofin ruwa zalla, ba shayi ba, ba koko ba, sa'an nan a zauna a miƙe ko a tsaya rabin sa'a ba a ci ba, ba a kwanta ba. In aka saɓa, ko dai maganin ya ƙi shiga jiki, ko ya ƙona maƙogwaro. Da azumi, mai shanta sai ya tashi da wuri a ranar, ya sha, ya jira rabin sa'ar tukuna ya yi sahur.

Wanda cikinsa ba ya ɗaukar ƙwayar, akwai zoledironet da ake ɗura wa a jijiya sau ɗaya a shekara, akwai kuma allurar denosumab ta kowane wata 6. Ita wannan allura ba a tsallake lokacinta, ba a kuma barinta haka kawai, domin in aka yanke ba tare da an maye gurbinta da wani magani ba, ƙashin baya yakan lotse gaɓa-gaɓa a cikin 'yan watanni. Saboda haka iyalin da ba su da tabbacin kuɗinta ko samunta a kan kari, gara su gaya wa likita gaskiya tun kafin a fara. Kafin kowane ɗayan waɗannan magunguna ana duba lafiyar ƙoda da haƙora, bayan shekara 3 zuwa 5 kuma likita ya sake nazari ko za a huta.

Magani ba ya gini in babu kayan gini. Dattijo yana bukatar kalsiyam miligiram 1,000 zuwa 1,200 a rana, kofin madara ɗaya kuwa wajen 300 yake bayarwa. Cimarmu ta yau da kullum, tuwon dawa ko masara ko shinkafa, ba ta da shi sosai. An ga shaidar haka a Jos, inda Dokta Tom Thacher da abokan aikinsa suka bincika yara masu gwamen ƙafa, suka tarar abin da suke samu bai wuce wajen miligiram 200 a rana ba. Rahotonsu na 1999 ya nuna kalsiyam ne ya fi warkar da yaran, ba bitamin D shi kaɗai ba. Alhali kuwa abin yana nan a kasuwa da araha: nono da kindirmo, miyar kuka, zogale, riɗi, tamba, da ƙananan kifi busassu waɗanda ake dakawa har da ƙayarsu. Bitamin D, wanda ke taimakon hanji ya tsotsi kalsiyam, fata ce ke yinsa da hasken rana, don haka tsohuwar da ta daina fita ya kamata a riƙa shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida da hantsi.

ZAMA DA CIWON

Kuskuren da 'ya'ya masu tausayi kan yi shi ne su ce, "Hajiya, ki zauna ki huta, kada ki taɓa komai." Ƙashi da nauyin jiki yake ƙarfi, zama kuwa yana narkar da shi, ya kuma kashe ƙwanjin ƙafa. A bar ta ta yi tafiya zuwa maƙwabta, ta riƙa tashi daga kujera tana zama sau da yawa a jere. Abin da za a hana ta shi ne ɗaukar tulu ko buhu, da sunkuyawa da kaya a hannu, da daka. Wadda ƙashin bayanta ya riga ya lotse, in ruku'u da sujada suna yi mata wuya, addini ya yi mata sauƙin yin salla a zaune.

Sauran aikin na gida ne. Sau da yawa faɗuwa a makewayi ake yinta, ko a dokin ƙofa, ko da asuba cikin duhu. A kankare gansakuka, a kafa abin dafawa a bango, a ajiye tocila kusa da shimfiɗa, a zubar da silifa da ya side. A duba idon tsoho ko yana ta rufe shi, domin aikin yana ba shi da wuya. Sanda kuma ba abin kunya ba ce.

In kuwa ƙaddara ta faɗa, tsoho ya faɗi ya kasa taka ƙafa, aka ga ƙafar ta gajarce ta juya waje, to, ba wurin mai ɗori za a nufa ba. Masu ɗori suna da matsayinsu a wurin jama'a, amma kan cinya yana can cikin tsoka inda kara da tsumma ba su kaiwa, kuma wuyan ƙashin in ya rabu sau da yawa ba ya haɗewa sai da ƙarfe. Ba karayar ce kan kashe tsoho ba, kwanciyar ce: gyambon baya, da ciwon huhu, da daskarewar jini a ƙafa. Ko a ƙasashen da ke da wadatar asibitoci, wajen mutum ɗaya cikin 5 ba ya cika shekara bayan karayar ƙugu. Shi ya sa likitoci ke son a yi aikin cikin kwana 2, a kuma tayar da majinyaci ya fara takawa washegari in hali ya yi. Asibitocin ƙashi na Dala a Kano, da Igbobi a Legas, da na Inugu, da asibitocin koyarwa na jami'o'i, duk suna yin wannan aiki. Ranar sallama kuwa, ya kamata iyali su tambayi likita maganin zaizayar ƙashin kanta, domin wanda ya karye sau ɗaya ya fi kowa kusa da karaya ta biyu, musamman a cikin shekara 2 na farko.