A Auna Ginin Kafin A Rushe Shi

Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974 ruwa ya shigo gonakin Kura da Bunkure, kuɗin shinkafa da tumatir sun sauya fuskar ƙauyukanmu. Ikilisiya ta sami amfani mai kyau, sai a ce a rushe majami'ar ƙasa a ta da ta bulo da kwano. Ba mu ga laifi ba, gama yaɓe kowace shekara akwai wahala. Amma bakan gizon da magini ya ɗaura da azara, da zankwaye, da zanen da ya yi a bakin ƙofa, duk sukan bi ƙura cikin yini guda, ba wanda ya ajiye ko hotonsu.

Turawa ma suna da tsofaffin majami'u na dutse masu baka mai tsini, irin da suke kira Gotik. Wani magini na Faransa, Viollet-le-Duc, ya bi su yana aunawa yana zana kowane ganye da fure da aka sassaƙa, ya buga littafi goma tsakanin 1854 da 1868. Da wuta ta cinye rufin majami'ar Notre-Dame a Paris a 2019, zane-zanensa aka bi aka mai da hasumiyar yadda take, aka sāke buɗe ta a Disamba 2024.

A nan ƙasarmu wani Bature mutumin Polan, Dmochowski, ya yi irin wannan aiki. Ya auna masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina, da wasu gine-gine da yawa, aka buga littafi uku a 1990, shi kuwa ya riga ya rasu. Majami'ar Saint Bartholomew ta Wusasa, ginin ƙasa ta hannun maginan Hausa tun 1929, ita ma shaida ce cewa bakan gizo ya iya ɗaukar rufin ɗakin sujada.

Majami'un ƙauyukanmu kuwa ba wani masani da zai zo dominsu. Kafin a sa gatari, sai sakataren ƙungiya ya samo igiyar awo da littafin makaranta. A auna tsawo da faɗi da kaurin bango, a zana kowane baka, a ɗauki hoto da waya. A zauna da tsohon maginin in yana da rai, ya faɗi yadda ya jera azara da abin da ya gauraya a makuba. Littafin a ba fasto ya ajiye tare da na baftisma, inda gara ba za ta kai ba.