Takalmin Kambas na Bata: Daga Zlin Zuwa Kwanar Dangora

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bin salsalar takalmin wasanni da Hausawa suke kira kambas, ta fuskar kamfanin Bata. Abin da nake son nunawa shi ne, araha ce ta haifi wannan takalmi, ita ce kuma ta kawar da shi daga kasuwanninmu.

2.0 Asali

A cikin shekara ta 1894 ne Tomas Bata, wanda ya gaji dukanci kaka da kakanni, ya buɗe wurin ɗinkin takalma tare da wansa da yarsa a garin Zlin, cikin Jamhuriyar Cek ta yau. Ba a je ko'ina ba bashi ya yi musu katutu, kuɗin fata ya gagara. Sai Tomas ya koma yin takalmi da wani yadi mai kauri, wanda daga sunansa na Ingilishi muka ari kalmar kambas. Talakawa suka yi rububinsa. Daga bisani aka sa masa ƙasan roba, ya dace da guje-guje da tsalle-tsalle, har a 1971 kamfanin ya keɓe wa takalman wasanni suna nasu, watau Power.

Tomas ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1932, shekarar da kamfanin ya fara ciniki a Nijeriya. Daga baya ya kafa masana'anta a Ikko.

3.0 Shigowarsa Kudancin Kano

A ƙasashen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, ba 'yan wasa ne suka fara sa kambas ba. Samarin ƙauye da ƙafa tsirara suke buga ƙwallo, manomi kuwa fyaɗe ya ishe shi. A ganina makaranta ce ta kawo shi, musamman bayan shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976, sa'ad da makarantu suka yawaita a karkara. Ɗan makarantar kwana na bukatar farin kambas domin motsa jiki da fareti, in ya dushe a wanke a goga masa alli. Hanya ma ta taimaka, domin a Kwanar Dangora ne titin Tudun Wada da Doguwa ya rabu da na Kano zuwa Zariya, ta nan kayan birni suke ratsawa zuwa kasuwannin ƙauye.

Wannan ciniki bai ɗore ba. Tun daga 1986, da aka karya darajar Naira, kayan aikin masana'antu da ake sayowa daga waje suka yi tsada. Gwanjo ya shigo, takalman Sin suka biyo baya, ga kuma na roba da ake yi a Kano. Uban da ya sayi Bata domin sauƙinsa ya sami abin da ya fi shi sauƙi, kamfanin kuma ya janye daga Nijeriya na tsawon shekaru.

Sunan dai ya zauna a bakin jama'a. Wanda ya sauka Kano daga Dangora ya ce a kai shi Bata, kusa da kasuwar Sabon Gari za a ajiye shi.