Makaho ko Mai Buƙata ta Musamman: Shin Tauna Magana Ta Wuce Gona da Iri?

Duk mai sauraron labarai da Hausa ya lura cewa wasu kalmomi sun yi ƙaura daga bakin 'yan jarida. Inda a da za a ce nakasassu, yanzu sai a ce masu buƙata ta musamman. Mahaukaci ya koma mai lalurar ƙwaƙwalwa, karuwai sun zama mata masu zaman kansu, mai kanjamau kuma ana ce da shi mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki. Abuja, inda ma'aikatu da ƙungiyoyin agaji suke da hedikwata, tana kan gaba wajen yaɗa irin waɗannan kalmomi, daga ɗakunan taron bita zuwa rediyo, daga rediyo zuwa aji. Wasu na ganin wayewa ce. Wasu kuwa cewa suke an canza wa tuwo suna ne kawai, kuma kwaikwayon Turawa ne da zai kai mu ga kasa kiran abu da sunansa.

Gaskiya ne Turawa sun daɗe suna wannan gardama, kuma a wurinsu an ga amfaninta an ga ɓarnarta. A 2010 shugaba Obama na Amurka ya sa hannu a wata doka da ta cire tsohuwar kalmar da dokokin tarayya ke kiran masu raunin fahimta da ita, saboda ta riga ta zama zagi a bakin yara. Wannan gyara ne da ya samu karɓuwa. Amma a ƙarshen 2022 wani sashe na Jami'ar Stanford ya fitar da jerin kalmomin da ya ce a guje musu, har da kalmar da Ba'amurke ke kiran kansa da ita, aka yi ta yi musu dariya har suka janye jerin a farkon 2023. A watan Fabrairun 2023 kuma aka gano kamfanin Puffin a Ingila ya sauya ɗaruruwan wurare a littattafan yara na marigayi Roald Dahl, ciki har da inda ya kira wani da mai ƙiba. Da surutu ya yi yawa, kamfanin ya yi alkawarin ci gaba da buga littattafan yadda mai su ya rubuta su.

Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa tauna magana baƙon abu ne a wurinmu. Bahaushe ya fi kowa iya sakaya. Ba ya cewa mahaifinsa ya mutu, sai ya rasu. Mace mai ciki tana da juna biyu, in ta haihu an ce ta sauka. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, mace ba ta kiran sunan mijinta, maciji ma da dare igiyar ƙasa ne. Addini ya ƙara wa wannan ɗabi'a ƙarfi, domin aya ta 11 a Suratul Hujurati ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabobi. Wanda ya ce kiyaye harshe daga Turai aka kawo shi, bai san gidansu ba.

Wannan Bahaushen dai shi ne kuma ya naɗa Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, masu sarautar suna amsa sunan da alfahari, suna da fada da mabiya. Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙoƙin Imfiraji, makaho ne, kowa ya san haka, kuma hakan bai hana Jami'ar Ahmadu Bello ba shi digirin girmamawa ba. A cikin malaman hadisi akwai waɗanda tarihi ya fi sanin su da laƙabin lalurarsu, irin su A'amash da A'araj, kuma malamai sun halatta irin wannan kira idan don a gane mutum ne ba don a muzanta shi ba. Ke nan ma'auni biyu muka gada: mece ce niyyar mai kira, kuma shin mai sunan ya yarda? Da su za a iya rarrabe inda gyaran ya dace da inda aka zarce.

A Abuja babu misalin da ya kai na masu ƙasar. Tun kafin dokar soja ta 3 ga Fabrairun 1976 da ta ƙirƙiro Babban Birnin Tarayya a zamanin Janar Murtala Muhammad, Gbagyi suna nan suna noma doya, tare da sauran ƙabilun yankin. Ladi Kwali, mai ginin tukwane da hotonta ke bayan takardar naira 20, 'yarsu ce. Mu kuma muka saba ce musu Gwari. Da kalmar ta tsaya a suna, da da sauƙi, ga Birnin Gwari nan a Kaduna yana amsa sunansa. Amma mun cusa mata wata ma'ana: wanda bai iya abu ba bagwari ne, maganar da ba ta fita ba gwaranci ce. A ɗauki aji guda a wata firamare a Gwagwalada ko Bwari, yaro ya tashi karatu ya yi in'ina, malam ya ce masa, "Kai, daina mana gwaranci!" Aji ya fashe da dariya, alhali a benci na biyu akwai yarinyar da kakanninta ne suka bar gonakinsu aka gina birnin. Malam bai nufe ta ba, amma ta ji, kuma ta koyi cewa sunan mutanenta shi ne sunan rashin iyawa. Tunda su da kansu Gbagyi suke kiran kansu, kiran su da haka ba ya rage mana komai. Haka batun yake ga nyamiri da arne, waɗanda masu su ba su taɓa karɓa da daɗin rai ba. Mu ma ai ranmu yana ɓaci idan aka mai da "aboki" sunan raini a Legas.

Haka nan daƙiƙi da jaki da dolo da wasu malamai ke jifan ɗalibai da su. Sau da yawa yaron da ake kira daƙiƙi kunnensa ne ba ya ji sosai, ko idonsa ba ya hango allo, ko kuwa bai karya kumallo ba. Hana malami wannan zagi tarbiyya ce kawai, babu wuce gona da iri a ciki.

Inda aka fara zarcewa shi ne inda sakaya ta rufe bayanin da ake buƙata. "Masu buƙata ta musamman" lafazi ne mai daɗi, amma ya tara mutane masu buƙatu daban-daban a buhu guda. Makaho yana buƙatar rubutun makafi da sanda, kurma yana buƙatar malamin da ya iya maganar hannu, gurgu yana buƙatar keke da ƙofar da keken zai shiga. Shi ya sa a Abujar ma akwai makarantar makafi a Jabi, akwai ta kurame a Kuje, kowacce da sunanta a fili. Shugaban makarantar da ya rubuta cewa yana da ɗalibai goma masu buƙata ta musamman bai gaya wa ma'aikatar ilimi abin da za ta saya ba. A asibiti abin ya fi haɗari. Kuturta tana warkewa, kuma tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya take bayar da maganinta kyauta. Idan jami'in lafiya ya yi ta kewaye-kewaye ya kasa ambaton ta a gaban jama'a, mai farin tabo a fata da ba ya jin taɓi ba zai gane da shi ake ba, sai yatsu sun fara lalacewa.

Akwai kuma wata zarcewar da ta fi wannan ciwo, wato a gyara baki a bar aiki. A watan Janairun 2019 shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta haramta nuna wa nakasassu wariya. Dokar ta tanadi tarar naira dubu 100 ko ɗaurin wata shida ga mutum, da naira miliyan ɗaya ga kamfani. Ta ba su ilimi kyauta har zuwa ƙarshen sakandare, ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda za su iya shiga. A 2020 aka kafa musu hukuma ta ƙasa a Abuja. Wa'adin ya cika a Janairun 2024, amma har yanzu mai keken guragu yana isa ƙofar ofisoshi da bankuna da masallatai da yawa ya tarar da matakala, sai an ɗauke shi kamar kaya. A unguwar Karmajiji da ke kan hanyar filin jirgin sama, inda guragu da makafi da kutare masu yawa suke zaune da iyalansu, akasarinsu Hausawa, babban kukan shi ne makarantar yara da magani da sana'ar da za ta raba mutum da bara. Jami'in da ya iya furta sabon suna a gaban kyamara amma ya kasa gina hanyar keke a ofishinsa bai girmama kowa ba.

Zarcewa ta uku ita ce a miƙa wa hukuma sandar dukan baki. A 2019 Sanata Aliyu Sabi Abdullahi daga jihar Neja ya gabatar da ƙudurin hana kalaman ƙiyayya, wanda ya tanadi rataya idan kalaman suka jawo asarar rai. Jama'a suka yi caa a kai, ƙudurin bai zama doka ba. A 2020 hukumar kula da kafofin yaɗa labarai ta ƙasa ta ɗaga tarar kalaman ƙiyayya daga naira dubu 500 zuwa miliyan 5, kafin Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke hukunci a watan Mayun 2023 cewa hukumar ba ta da hurumin cin tarar gidajen rediyo da talabijin, domin ita ba kotu ba ce. Tunzura jama'a su yi kisa laifi ne da ya cancanci hukunci. Amma idan aka bar wa mai mulki ikon fayyace wace magana ce ta ɓata rai, sukar da ake yi masa ce za ta fara shiga jerin.

Saboda haka amsar ita ce, a wurinmu ladabin harshe bai wuce gona da iri ba, a aji da kasuwa da tasha ma bai kai inda ya kamata ba. Abin da ya yi yawa shi ne ado da kalmomi a ofis. Malamai su daina zagin ɗalibai da lalurarsu ko ƙabilarsu, su kuma koya musu tarihi da karin magana yadda suke, tare da bayanin abin da ya sa wasu kalmomin ba su dace da bakin mai tarbiyya a yau ba. 'Yan jarida su tambayi mutum sunan da yake so a kira shi da shi kafin su laƙaba masa nasu. Iyaye su lura da abin da suke faɗa a gaban yara game da maƙwabta. Hukumomi kuma su sani cewa dokar 2019 tana nan, wa'adinta ya wuce, kuma da aiwatar da ita za a auna su.